Yadda Teku ta Karɓi 'Yar Tabawa

Dalilin da ya sa kuka ga ruwan teku ya janye da hantsi ya bar yashi fili, kafin la'asar kuma ya dawo har ya jiƙa mana tabarma, shi kuke ta tambayata tun da muka dawo daga hutu. A can ban samu zama ba, ina ta ƙirga kawunanku. Yanzu ga shi na rubuta muku yadda na ji shi. Ku sani dai labari ne. Mai juya ruwa da ƙasa Allah ne shi kaɗai.

A da can, Teku ba ta motsi. Tana kwance wuri ɗaya kamar ruwa a randa, ba ta gaba ba ta baya. A bakinta akwai wani gari da mutane ke zuwa shan iska daga nesa. An kakkafa rumfuna a kan yashi, masu gasa kifi na gasawa, masu kwakwa na sarewa, yara na wasan ƙasa. Kowa ya zo sai ya tsoma ƙafa ya wanke fuska ya tafi. Ba wanda ya taɓa ce mata sannu. Tsohuwa ce, kuma ba ta da ɗa ba ta da jika.

Wata shekara wata mata mai suna Tabawa ta zo daga Arewa ganin yayarta Kande, wadda aure ya kai zangon garin. Ta zo da 'yarta ta fari, Lantana, 'yar shekara biyar. Tabawa mace ce mai tsananin kunya. Kun san 'yar fari ba a kiran sunanta, ba a yi mata wasa a gaban mutane. To ita Tabawa ta fi kowa riƙe wannan. Tun da ta haifi yarinyar ba ta taɓa faɗin sunanta ba. In za ta kira ta, sai dai "Ke." In tana maganarta, sai "yarinyar nan."

Kwana biyu da zuwansu Kande ta ce, "Yau sai kin ga abin da ba ki taɓa gani ba." Suka ɗauki tabarma da goran ruwan sha suka fita.

Da Tabawa ta ga ruwa ya tafi har ya haɗe da sama, sai ta tsaya cak. Ta ce a ranta, abu mai girma haka ba a faɗa masa gida kai tsaye. Ta gyara mayafi, ta cire takalmi, ta ce, "Salamu alaikum."

Kande ta yi dariya. "Wa kike wa sallama? Ruwa ne fa."

Sai wata murya ta taso daga ƙasa, mai kauri, a hankali. "Amin, alaikumus salam. Wace ce?"

Masu gasa kifi suka saki mafici. Tabawa ta rusuna ta ce, "Baƙuwa ce, Iya. Mun same ku lafiya?"

Teku ta ce, "Shekaruna ba sa ƙirguwa, yau ne aka fara yi mini sallama. Shigo daga ciki, 'yar nan, shigo."

Ta shiga janye ruwanta baya kamar mai naɗe tabarma don baƙo ya wuce. Yashi ya fito fili, jiƙaƙƙe, sai ƙyalli. Ga farin wuri irin na kuɗin da, ga bawon katantanwa, ga kaguwa na gudu a karkace. Kande ta ce ita dai a nan za ta jira, ƙafarta na ciwo. Tabawa ta shiga, yarinya na biye da ita tana tsince-tsince tana zubawa a riga. Suka yi ta tafiya har wani dutse mai faɗi can ciki, inda rumfunan bakin gaɓa suka koma kamar ƙwaryar shan fura. Nan suka zauna.

Hira ta yi daɗi. Teku ta tambayi yadda Arewa take, Tabawa ta ba ta labarin rijiya mai gaba ashirin da yadda ake tashi da asuba a kama layi. Teku ta yi ta mamaki wai akwai inda ake auna ruwa da tulu. Duk wannan hira idonta na kan yarinya, wadda ta jera wuri a kan dutse tana yi musu waƙa.

Can Teku ta ce, "Wannan 'ya taki ta shiga raina. Ki ba ni ita mana."

Kun san abin da ake cewa. Ko ni an sha faɗa mini haka a kanku a gidan biki. Tabawa ta sunkuyar da kai ta ce, "Ai taki ce, Iya."

Teku ta ce, "Tawa ce?"

"Taki ce mana."

Rana ta karkata, Tabawa ta tuna ba ta yi azahar ba, ga ruwan alwala yana wurin Kande. Ta miƙe ta yi godiya, ta ce, "Ke, taso," ta kama hanya. Ba ta waiwaya ba. Uwar 'yar fari ba ta waiwaya ta duba 'yarta a gaban manya. Tana jin motsi a bayanta, ta ɗauka sawun yarinyar ne. Da ruwa ya fara lasar duga-duganta sai ta ce, ashe rakiya ake yi mini. Har tana cewa, "A koma haka, Iya, rakiyar ta isa."

Da ta taka busasshen yashi sai ta ga Kande a tsaye, hannu a ka.

"Tabawa, ina Lantana?"

Ta juya. Ruwa ya koma mazauninsa ya shafe hanya. Can nesa ga dutse, a kansa ga ɗan jan ɗankwali.

Masunta biyu suka tura kwalekwale, Teku ta turo su baya a hankali. Suka sake, ta sake. Mutane suka taru, har da mijin Kande da abokansa da suka fito shan iska.

Kande ta shiga ruwa har gwiwa, ta manta da ciwon ƙafa. Ta ce, "Iya, wannan wane irin wasa ne? Miƙo mana yarinya."

Teku ta ce, "Wace yarinya? Tawa? Uwarta ce ta ba ni. Sau biyu na tambaya, sau biyu ta ce tawa ce."

"Ai maganar baki ce. Haka muke cewa. Ko zanen da ke jikina kika yaba, sai in ce naki ne, amma ba zan kwance in ba ki in tafi gida haka ba."

"Ni ban san maganar baki da ta ciki ba," in ji Teku. "Abin da aka faɗa mini shi na ji. Kuma ina da ido. Tun safe matar nan ba ta kira sunan yarinyar ba ko sau ɗaya. Ba ta shafa kanta ba. Da za ta tafi ko waiwaye ba ta yi ba. Na ce, ga 'ya ba mai so, ga ni ba 'ya."

Tabawa ta ji wannan magana har cikin ƙashinta. Tana tsaye tana murɗa bakin mayafi, leɓenta na motsi, addu'a take yi.

A can kan dutse yarinya ta gaji da wasa, rana ta dake ta, ta fara kukan ƙishi. Teku ta ce, "Yi shiru, 'yata, ruwa kike so? Ai gidan ruwa kika zo." Ta ɗebo mata a bawon katantanwa. Yarinya ta kurɓa ta tofar.

"Wannan ai ruwan miya ne ba a kaɗa ba."

Teku ta ɗebo daga can ƙasa inda ya fi sanyi. Shi ma gishiri. Ta ɗebo daga gabas, ta ɗebo daga yamma, duk ɗaya. Kukan yarinya ya ƙaru, muryarta ta fara dushewa. Tsohuwa ta rasa yadda za ta yi. Duk ruwan da take da shi, babu cikin cokali ɗaya da zai jiƙa maƙogwaron 'yar shekara biyar.

Sai ta dawo bakin gaɓa, murya a sanyaye. Ta ce, "Na ga ba zan iya riƙon ta ba. Amma ba zan mayar da ita inda ba a so ba, gara in kai ta wani gari in ba wata. In uwarta na son ta, ta kira ta da sunanta, ta faɗa in ji da kunnena."

Kowa ya juyo yana kallon Tabawa. Ga mijin yayarta, ga dattawan zango, ga baƙi. Kande ta raɗa mata, "Yau ba ranar kunya ba ce, ƙanwata. Ajiye ta a nan, in mun koma gida kya ɗauka."

Tabawa ta buɗe baki. Abin ya fito kamar numfashi, ita kanta da ƙyar ta ji.

Teku ta ce, "Ban ji ba."

Tabawa ta saki mayafin ya faɗi a yashi. Ta shiga ruwa har ƙugu, ta sa hannu biyu a baki.

"Lantana! Lantana, 'yata ce ke, ina son ki, zo mu tafi gida."

Da farko yarinyar ba ta juyo ba. Ba ta taɓa jin sunanta da wannan murya ba, ta ɗauka wata Lantanar ake kira. Sai da aka sake kira sannan ta miƙe tsaye a kan dutse ta ce, "Inna, ni?"

 Teku ta naɗe ruwanta, hanya ta buɗe. Tabawa ta fizgi goran ruwa daga hannun Kande ta kwasa da gudu, tana zamewa tana tashi. Ta ba yarinya ruwa ta sha har ya zubo mata a wuya. Sannan ta goya ta, ƙatuwar yarinya, ƙafafu na reto, ta dawo da ita a gaban kowa. Ba wanda ya yi dariya. Wani dattijo ya ce, "Alhamdu lillahi," sauran suka amsa. Tabawa ta yi alwala ta yi sallarta a nan kan yashi, yarinya na zaune a gefen tabarma inda za ta iya jin numfashinta.

Da ta sallame sai ta ga ruwa ya matso kusa, yana tsaye kamar mai jin nauyin magana. Teku ta ce, "To ni shi ke nan, na koma yadda nake?"

Tausayi ya kama Tabawa. Ta ce, "Haba Iya, ai ta..."

Kande ta toshe mata baki da tafin hannu. "Ke dai ba kya jin magana."

Tabawa ta janye hannun, ta yi tunani, ta zaɓi kalmominta ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Iya, 'yar tawa ce, kuma jibi za mu koma Arewa. Amma yara ba sa yankewa a bakin nan. Ki riƙa fitowa kina ganin su. Ki taɓa ƙafarsu, ki yi musu wasa, ki kawo musu tsaraba in kina da ita. In kin gama ki koma, ki bar kowa ga uwarsa."

"Sau nawa?"

"Sau biyu ya isa, tsakanin yini da dare. Mai yawan zuwa gundurar mutane yake yi."

Teku ta ce ta yarda.

Shi ya sa har yau take fitowa ta hau yashi, ta lashi ƙafafun yara, ta ajiye musu wuri da bawon katantanwa, sannan ta ja jiki ta koma. Da yake tsufa ya kama ta, kullum sai ta ɗan makara a kan jiya. In ta janye ta buɗe muku hanya, ku tsinci tsarabarku a kusa, kada ku yi nisa, don har yanzu tana son 'ya'ya kuma ba ta iya riƙon su. Ke kuma Rumaisa, 'yata ta fari, da ruwa ya fara dawowa kina can kina bin kaguwa, kika ji na ƙwala miki kira da sunanki a gaban babanku da kowa. Na ga kin tsaya kina waige-waige, kina neman mai kiran. Ni ce.