Dalilin da Ya Sa Magina Suka Juya wa Birnin Gawo Baya

Dalilin da ya sa kowane gida a Unguwar Magina ƙofarsa ke kallon daji, bayansa ke kallon ganuwa, ba kuskuren gini ba ne, yara. Ku gyara zama ku ji. Mutanen da suka yi wannan aiki ba su saba karkata ko tubali ɗaya ba. Da gangan suka yi.

A can da, tun ba a haifi kakan kakanku ba, Birnin Gawo ba shi da ganuwa. Gari ne buɗaɗɗe mai albarka. Ran kasuwa tun da hantsi za ka ji sautin bugu daga marina, fatake na sauke gishiri da kanwa a gindin babban gawon da garin ya samo sunansa, ƙamshin ƙuli-ƙuli kuwa har bakin rafi. Unguwar Magina tana yamma, ta ɗan ware daga gari saboda a nan jar ƙasa take. Ƙofofinsu a lokacin duk kasuwa suke kallo, kamar na kowa. Magini yana zaune a zaurensa yana hango matarsa tana cinikin daddawa.

Sarkin Magina a wannan zamani sunansa Jatau. Gajeren mutum ne, ba shi da yawan magana, tafin hannunsa duk ya tsattsage saboda kwaɓa. In ya ƙwanƙwasa bango da ɗan yatsa, sai ya gaya maka damina nawa ta rage masa. Yana da ƙane, Korau, wanda shi kuma bakinsa ba ya hutawa. Yana bisa katanga yana cafe tubali yana waƙa, amma duk garin ba wanda ya kai shi iya ɗaure bakin ƙofa.

Ana nan sai labari ya fara zuwa cewa mahara sun addabi garuruwan maƙwabta, suna ƙone rumbuna suna kwashe mutane. Sarkin gari ya tsufa ƙwarai, al'amura duk sun koma hannun Galadima Barau. Galadima ya aika aka kira Jatau gaban dattawa, ya ce ana so a kewaye gari da ganuwa, magina su ja gaba, gari ya riƙa ba da gayya. Jatau ya amsa, amma ya yi tambaya ɗaya: unguwarsu da ta ware, za ta shiga ciki?

Galadima ya yi dariya ya ce, "Haba Sarkin Magina, mai tuƙa tuwo ai ba ya kwana da yunwa. Daga gabas za a fara, a ƙare a kanku."

Aka shafa fatiha a kan haka.

Rani uku aka yi ana wannan aiki. Shekarar farko gayya ta fito sosai, ana kiɗa ana kwaɓa. Shekara ta biyu aka fara zamewa, wannan ya ce ciwon baya, wancan ya ce fatauci. A ta uku magina kaɗai suka rage, su da matansu masu ɗebo ruwa. Gonakinsu suka yi sabra, ba mai noma su. Ƙasar da suka riƙa haƙa a bayan unguwarsu ta bar wani ƙaton rami, ruwa ya taru a ciki ya zama kududdufi, ciyayi suka rufe bakinsa. Jatau bai taɓa ƙorafi ba. Kullum in ya ɗaga kai ya ga ganuwa tana matsowa yamma, sai ya ji gajiyarsa ta ragu.

Ranar da aiki ya iso kusurwar yamma, Jatau ya fito da safe ya tarar an cire turakun da ya kafa na alama. An mayar da su wani wuri. Sabon layin ya lanƙwasa kudu ya rungume garkar albasar Galadima da rijiyarta da itatuwan dabinonta, sa'an nan ya miƙe ya yanke ta gaban Unguwar Magina, ya bar ta a waje.

Jatau ya tafi gidan Galadima da laka a ƙafarsa. Galadima ko tashi zaune bai yi ba. Ya ce damina ta matso, lokaci ba zai isa a kewaye garka da unguwa duka ba, garka kuwa abincin gari ce. Ya ce baɗi in Allah ya kai mu sai a yi wa magina tasu kwanar, a kewaye unguwarsu. Jatau ya tsaya yana dubansa. Shi da ya auna ƙasar nan da tafin ƙafarsa ya sani sarai kewayen garkar ya fi na unguwar tsawo. Wato an auna albasa da mutane, albasa ta fi nauyi.

Da ya koma ya faɗa wa jama'arsa, Korau ya yi jifa da tubalin da ke hannunsa, ya ce a bar musu aikin haka nan da giɓi, Galadima ya zo ya toshe da rawaninsa. Samari suka goyi bayansa. Zuciyar Jatau ma abin da take so ke nan. Amma ya ce ganuwa mai giɓi ba ganuwa ba ce, kuma jariran da ke cikin gari ba su suka cire turaku ba. Ya koma wurin Galadima da sharaɗi guda: a yi ƙofa daidai unguwarsu, kuma kada a taɓa rufe ta muddin akwai magini a waje. Galadima ya rantse a gaban liman. Korau ne ya gina ƙofar da hannunsa, ba waƙa, aka sa mata ƙyaure mai kaurin da sai ƙato huɗu ke tura shi.

Baɗi ta zo, aka ce fari. Wata baɗin ta zo, aka ce Sarki ba shi da lafiya. Maganar kwanar magina ta bi ruwa.

Sai wata rana bayan kaka, an gama cika rumbuna, da la'asar sakaliya aka busa ƙaho daga kan ganuwa. Mahara ne, kuma ta yamma suka ɓullo. Unguwar Magina ta fashe da gudu. Tsakaninsu da ƙofa bai fi taki ɗari uku ba. Jatau ya goya tsohuwarsa, matarsa Tasalla ta riƙo yara, suna gudu suna hango ƙofa a buɗe, ana tura shanun Galadima ciki. Saniya ta ƙarshe tana shigewa, ƙyaure ya rufe. Suka ji an zura sakata.

Jatau ya buga ƙyaure, ya kira Sarkin Ƙofa da sunansa, mutumin da shi ya gina wa ɗakin aurensa. Daga sama aka amsa cewa umarnin Galadima ne, in aka buɗe mahara za su kutso tare da su. Mata suka ɗaga jarirai sama suna roƙo a karɓa ko da su kaɗai. Ba wanda ya zuro igiya. Jatau ya shafa bango yana neman inda ƙafa za ta kama, bai samu ba. Sumul yake tun daga ƙasa har sama. Shi da kansa ya tsaya a kan yaɓen nan, ya sa aka sake shi har sau biyu don kada ɗan Adam ya iya hawa.

Korau ne ya ce a nufi kududdufi. Ya tara samari tara da gatura da sanduna, suka tsaya a bakin hanya don su ɓata wa mahara lokaci. Sauran jama'a suka faɗa cikin ruwa, suka nutse har wuya a cikin ciyayi, uwaye sun toshe bakin 'ya'yansu. Daga nan Jatau ya ga hayaƙin rumbunansu ya tashi. Daga nan kuma ya ga an ɗaure ƙanensa da igiya a wuya, shi da samarin, an ja su yamma. Bai iya ko ɗaga murya ba, domin tsohuwarsa na bayansa, mutum fiye da ɗari kuma na kewaye da shi.

Washegari da hantsi ƙofa ta buɗe. Galadima ya fito da mutanensa, ya yi jaje, ya ce ƙaddara ce, kowa ya yi haƙuri. Bai ma rufe baki ba ya ƙara da cewa maharan sun gwada sara a kusurwar arewa, wurin ya ɗan zube, ya kamata magina su gyara kafin su dawo.

Jatau yana zaune a kan tokar rumbunsa. Ya miƙe a hankali ya ce, "Ranka ya daɗe, shanunka sun kwana lafiya?"

Galadima ya kau da kai.

Jatau ya ce, "Rani uku muka ci ƙasa saboda garin nan. Ka rantse a gaban liman. Jiya ƙofar da Korau ya gina ta jira saniya, ba ta jira Korau ba. Ka je ka kira shanun su gyara maka kusurwa. Daga yau hannun magini ba zai ƙara aza tubali a cikin ganuwar nan ba, ko da masallaci ne ya faɗi sai dai a fito da shi waje mu gina."

Ya juya ya shiga gida. Ya ɗebo ƙasa ya kwaɓa, ya tsaya a bakin zaurensa, wanda ubansa ya gina, ya fara toshe ƙofar. Tasalla ta riƙa miƙo masa tubali. Da ya gama ya shafe wurin da yaɓe har ba a gane an taɓa yin ƙofa a nan. Sa'an nan ya zagaya bayan gida ya fasa katanga ta yamma. Tsohuwarsa ta tambaye shi me zai kalla a daji. Ya ce ta nan aka tafi da Korau, in Allah ya dawo da shi, yana so abin da zai fara gani ya zama ƙofa a buɗe.

Kafin mako ya zagayo, duk gidajen unguwar sun yi haka.

Mutanen cikin birni da fari dariya suka yi, suka ce fushin talaka kwana uku ne. Amma gidan ƙasa ba ya rayuwa sai da magini. Damina ta farko ta ci yaɓe, ta biyu ta ci katangu. Suka gwada gyara da kansu, abin da suka ɗora da safe ya zube da yamma. Suka aika neman magina a wasu garuruwa, amma labari ya riga su isa, ba wanda ya yarda ya zo. A damina ta biyar soron Galadima ya rufta, da ƙyar aka jawo shi daga ƙarƙashin azara.

Ya aiko manzo har sau uku, Jatau bai ba da amsa ba. Daga ƙarshe ya zo da kansa, yana ɗingishi. Ya iso unguwa ya tarar da bango ta ko'ina, dole ya zagaya ta bakin kududdufi, ta cikin ƙaya da turken awaki, kafin ya sami ƙofa. Jatau ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka kawo masa ruwa. Galadima ya ce yanzu a shirye yake a yi wa magina tasu kwanar, ko gobe a fara. Jatau ya ce da a ce ganuwa na dawo da mutum goma, da ya gina ta da haƙoransa. Ya raka shi bakin hanya.

Talakawan birni kuwa bai hana su komai ba. Ya ce duk wanda ruwa ya ci gidansa ya fito, za a ba shi fili a gina masa, amma ƙofarsa yamma za ta kalla. Marina suka fara fitowa, sai maƙera, sai mahauta. Da zamanin hari ya wuce, fatake suka ga jama'a duk tana waje, suka daina shiga ciki, kasuwa ta biyo su. Korau dai bai dawo ba. Jatau ya tsufa a bakin wannan ƙofa, kullum da la'asar yana zaune yana duban hanyar yamma, har Allah ya karɓi abinsa.

Shi ya sa har yau in kun leƙa cikin ganuwa ba za ku ga komai ba sai gero da kufai, tana nan tsaye da ƙarfinta tana gadin awaki. Shi ya sa duk mai gina sabon gida a unguwar nan, ko da bulo da siminti ne, yake juya wa birni baya. Kuma shi ya sa a gidajenmu ba a tura ƙyaure sai babba ya tsaya a bakin ƙofa ya tambaya da ƙarfi ko akwai sauran na waje, ya saurara, sa'an nan a rufe.