Yarinyar da Shugaban Makaranta Ya Cire Kafin Jarrabawa

Akwai wani malami a garin New Orleans mai suna Curtis Fontenette. Shekara goma sha ɗaya yana koyar da lissafi a makarantar unguwarsu, kafin babbar ambaliya ta zo ta shanye rabin garin. Ruwa bai gama janyewa ba takardar sallama ta iso masa, shi da sauran malamai irinsa.

Daga nan aka shigo da sabon tsari. Gwamnati ke ba da kuɗi, wasu mutane su riƙe makaranta bisa yarjejeniyar shekara biyar. In yara sun ci jarrabawa a sabunta, in sun faɗi a rufe.

Curtis ya yi shekara biyu yana lodin kaya a tashar jirgin ruwa, sannan wata ƙungiya ta ba shi shugabancin irin wannan makaranta. Ranar da ya karɓi makulli, ya rantse a ransa ba za a sake sallamarsa ba.

Ya kafa dokoki masu zafi. Ba magana a baranda, ba makara ko ta minti ɗaya. Sakamako ya fara hawa, jarida ta buga hotonsa. Mutumin da a da yake tsayawa bakin ƙofa yana gaisawa da iyaye, ya koma sai an yi sati ana neman izinin ganinsa.

Amma akwai abin da jarida ba ta sani ba. Duk shekara in jarrabawa ta matso, yakan ware sunayen yaran da yake ganin za su faɗi, ya kira iyayensu, ya lallaɓa su su nemi wata makaranta.

A shekara ta biyar, wadda za a yanke hukuncin yarjejeniya, sunan Shanice Arceneaux ya shiga jerin. Shekararta goma sha uku. Kakarta, Mama Odessa, ke riƙonta tun da uwarta ta rasu a ambaliya. Karatunta baya ne, kuma malamai suna yawan kawo ƙararta, wai a yi mata magana ta yi banza da mutum.

Malama Lorraine ce ta shigo ofishinsa ba tare da neman izini ba. Tsohuwa ce, ita ta koyar da Curtis kansa a firamare, yanzu kuma tana koyarwa a makarantarsa.

"Curtis, na ji za ka cire Shanice."

"A ofis, Shugaba nake, Malama."

"Shugaban da na sha goge wa majina? Saurare ni. Sati biyu kacal ta yi a ajina, amma na ga ba taurin kai ne ke damunta ba. Ka zauna da ita ko na minti goma ne."

"Ina da yara ɗari huɗu. In aka rufe mu saboda guda ɗaya, ke za ki koyar da su a ɗakinki?"

"Ita ma ai cikin ɗari huɗun take."

Ya ɗauki waya, alamar magana ta ƙare.

Washegari aka kira Mama Odessa. Ta zo da rigar da take zuwa coci da ita, ta zauna a bakin kujera.

"Mama, ba korarta nake yi ba," in ji Curtis. "Tsarinmu ne bai dace da ita ba. Akwai makaranta a tsallaken kogi da za ta fi jin daɗinta."

"Ɗana, ka karanta takardun da na aiko maka?"

"Komai na cikin fayil ɗinta, Mama. Sa hannu a nan."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta sa hannu.

Sabuwar makarantar sai an hau bas biyu. Shanice takan bar gida ƙarfe shida na safe, ta tsallaka babban titi ita kaɗai. A sati na biyar mota ta buge ta. Likitoci sun ceci ranta, amma sai da aka yanke mata ƙafa ɗaya.

Labari ya iso wa Curtis, ya sa aka aika furanni asibiti. Da sakamako ya fito, makarantarsa ce kan gaba a yankin.

Ranar zaman hukumar ilimi ya je da sabon kwat, yana jiran yabo. Da aka ba jama'a damar magana, Malama Lorraine ta miƙe da takarda a hannu. Ta karanta sunaye arba'in da uku, kowanne da ranar da aka cire shi, duk daf da jarrabawa. Duk sunan da ta kira, sai uwa ko kaka ta miƙe tsaye.

Hukuma ta yi bincike, ta ƙi sabunta yarjejeniya. Aka rufe makarantar, yara ɗari huɗun suka watse cikin gari. Ƙungiyar da ta ɗauke shi ta ce ba ta san yana yin haka ba. A coci, mutane suka daina zama kusa da shi.

Sai da ya yi wata biyu kafin ya iya zuwa gidan Mama Odessa. Ranar Litinin ce, ta ɗora tukunyar jan wake. Ta buɗe ƙofa, ta dube shi sama da ƙasa.

"Mama, na zo in ba ku haƙuri."

"Ba ni za ka ba. Tana ciki."

Shanice na zaune a keken guragu, tana kallon taga. Curtis ya ja kujera ya zauna ta hagunta.

"Shanice, ya jiki?"

Ba ta juyo ba. Ya sake maimaitawa. Shiru. Ya ɗauka fushi ne, kuma ya san ya cancanta.

"Koma ta damanta," in ji Mama Odessa daga bakin ƙofa. "Wannan kunnen ba ya ji. Kwana biyu muka yi cikin ruwan ƙazanta lokacin ambaliya, shi ya kashe shi. Sau biyu na rubuto maka, har da takardar likita, ina roƙon a zaunar da ita a gaban aji."

Mama Odessa ta ci gaba da cewa:

"Motar ma ta hagu ta fito. Direban ya ce ya yi ta danna oda."

Ya tashi da ƙyar, ya ɗauki kujerar, ya zagaya ta damanta. Ya kira sunanta a hankali.

Nan take ta juyo. "Na'am, Malam."

Ya sunkuyar da kai yana kuka. Yarinyar ta dubi kakarta, ba ta san abin da za ta yi da shi ba.

Curtis bai ƙara shugabantar makaranta ba. Sau uku a sati yake zuwa gidan yana koya wa Shanice karatu, har ta gama sakandare. Mama Odessa takan zuba masa abinci, amma har ta rasu ba ta sake ce masa "ɗana" ba.

Darasi: An gina makaranta ne domin yaro, har da wanda karatunsa ke baya. Duk gyaran da sai an zubar da mai rauni sannan ya yi kyau, zalunci ne. In Allah ya ba ka riƙon 'ya'yan mutane, kada girman kujera ya hana ka zama ka saurare su, domin akwai ɓarnar da haƙuri ba ya gyara ta. Ku tura wa malamai da iyayen da kuka sani, wataƙila akwai yaron da ake cewa yana da taurin kai, alhali ba a taɓa tambayarsa abin da ke damunsa ba.