Taimakon da Injiniya Ya Yi wa Surukinsa

Akwai wani mai gyaran wutar lantarki da 'yan unguwa ke kira Injiniya. Mutum ne mai son taimako, sai dai duk abin da bai gane kansa ba, a wurinsa damfara ce. Ya sha faɗa wa abokansa cewa masu sayar da anti-bairos, manhajar da ke kare kwamfuta daga cutar bairos, su ne ke ƙirƙiro bairos ɗin don su tsorata mutane.

Surukinsa, tsohon malamin makaranta, ya shekara huɗu yana rubuta tarihin zuriyarsu a kwamfuta, da yatsa biyu. Wata rana Injiniya ya je gyara masa fanka, tsohon ya koka cewa kwamfutar ta yi nauyi. Tsohon na shiga ciki shan magani, Injiniya ya ja kujera ya goge anti-bairos ɗin, bai gaya wa kowa ba. Kwamfuta ta yi sauri, tsoho ya yi ta sa masa albarka.

Bayan mako uku tsohon ya kai babi ɗaya shagon buga takardu a filashi, 'yar na'urar ɗaukar bayanai, ya dawo ya soka shi a kwamfutarsa. Washegari duk rubutun ya ƙi buɗuwa. Wani mai gyaran kwamfuta ya yi iya yinsa, ya ce bairos ne ya shigo ta filashin kuma babu abin da zai dawo, sannan ya tambaya wa ya cire kariyar. Tsoho ya sunkuyar da kai ya ce ƙila shi ne, don yakan danna abin da bai sani ba. 'Ya'yansa suka fara raɗa cewa tsufa ya zo. Injiniya na tsaye a bakin ƙofa yana ji, sai ya juya ya fita.

Kwana tara abin na damunsa. A rana ta goma ya je ya durƙusa gaban tsohon.

"Baba, ni na cire. Na kuma bari aka ɗora maka."

Tsohon ya ce, "Littafin ya yi mini ciwo, ɗana. Amma abin da ya fi ciwo, na fara yarda hankalina ne ya tafi."

Ya yafe masa. Duk Asabar Injiniya kan zauna yana bugawa, tsoho na faɗa masa tarihin. Amma dattawan da suka ba da labaran da yawa sun rasu, shafuka masu yawa suka tafi ke nan.

Darasi: kada zargi ya sa ka cire kariyar da ba ka san aikinta ba, balle a kayan wani. In kuwa ka yi kuskure, ka faɗa da wuri, kafin marar laifi ya ɗauke shi a kansa.