Kafintan da Ba Ya Ɗaura Igiya

Akwai wani kafinta a unguwarmu da ake kira Mai Kwano. Shekara talatin yana rufin gidaje. Sauran kafintoci sai sun ɗaura igiya kafin su jera kwano, shi kuwa ido ɗaya yake kannewa, layi ya fita sambal.

Lokacin da na bar gida a kan rufi na bar shi. Bayan shekara tara na dawo, na kasa zama wuri ɗaya, ina ta zagaya unguwa, sai na same shi a ƙasa, zaune a kan benci. A nan na ji abin da ya faru.

Abokin aikinsa ƙanin matarsa ne, wani mai suna Dogo. Dogo ba ya hawa rufi sai da malafa da baƙin tabarau, tun da wata ma'aikaciyar asibiti ta gargaɗe shi. Mai Kwano ya mai da shi abin tsokana.

"Ango ya iso. Amaryar tana saman rufin ne?"

"Yaya, kwanon nan sabo ne, hasken yana dukan ido. Ga nawa ka gwada."

"Rana ta Bature take ci. Ni da ita tare muka girma. Kafinta da tabarau, ai sai a kawo maka sanda."

Dogo ya yi dariya, ya ci gaba da buga ƙusa.

A hankali idon Mai Kwano ya fara ja, yana ƙaiƙayi kamar an zuba yashi. Wani ɗan nama ya tsiro daga gefen hanci yana tafiya wajen baƙin idon. Sai kuma hazo-hazo. Matarsa ta yi magana, ya ce gajiya ce.

Dogo ne ya fara lura layin yayansa ya soma karkacewa. Ya san mutumin. Idan aka faɗa masa a gaban mai gida, gara a ture shi daga kan rufin. Saboda haka duk ranar da Mai Kwano ya kafa katakon da za a ɗora kwano a kai, ya sauka cin abinci, sai Dogo ya ce shi bai ji yunwa ba tukuna. Ya zare ƙusoshi, ya ɗaura igiya, ya gyara, ya kwance igiyar ya cusa a aljihu.

Gida uku aka yi a haka, mutane suna yabon idon Mai Kwano.

A gida na huɗu, Mai Kwano ya hau da rana tsaka, haske ya rufe masa gani, sai ya dafa katako yana lalube. Yatsansa ya faɗa wani ɗan rami kusa da ƙusa. Ya matsa gaba, ga wani. Kowace ƙusa da ramin banza a gefenta. Kafinta ya san ma'anar wannan: an zare, an sake bugawa.

Ya juya wajen Dogo.

"Dogo, tun yaushe?"

"Tun gidan mai kanti, Yaya."

"Ka bar ni ina karɓar yabo."

"Na ji nauyinka ne. Amma ban kyauta ba. Katakon na yi ta gyarawa, idon na bari."

Washegari Dogo ya kai shi asibitin ido. Likita ta duba, ta tambayi sana'arsa, ta girgiza kai.

"Baba, a cikin hasken rana akwai wani haske da ido ba ya gani, amma yana ƙona shi sannu a hankali. Baƙar fata tana rage wa jiki illarsa, amma ba ta kare ido. Kai kuma sau biyu kake shan sa, daga sama, da wanda kwano ke mayar maka daga ƙasa. Ga yanar ido, ga naman nan. Da ka zo da wuri, da aikin bai kai haka ba."

An yi masa aiki. Idon dama ya dawo. Na hagu naman ya riga ya kai tsakiya, ya bar tabo, dishi-dishi yake gani da shi. Likita ta hana shi hawa sama.

Da ya warke, ya sa Dogo a gaba suka bi gidajen nan uku ɗaya bayan ɗaya. A kowane gida ya yi sallama da mai gidan ya ce, "Rufin nan da kuke yaba min, ba aikina ba ne. Ga mai shi. In za ku aika wani, wurinsa za ku aika."

A gida na uku har hannun Dogo ya kama ya ɗaga.

Darasi: Ƙarfin jiki ba ya hana rana cin ido, kuma wanda ya gargaɗe ka ba raina ka ya yi ba. Haka nan rufa wa ɗan'uwa asiri a kan ciwo ba taimako ba ne, kai shi asibiti shi ne taimako. Mai aiki a rana ya nemi malafa da tabarau mai tare wannan haske, don ba kowane baƙin gilashi ke tarewa ba. Ku tura wa kafinta, manomi, direba da duk wanda kuka san rana a kansa take faɗuwa.