Cokalin da Ke Nuna Kudu

A tsohuwar ƙasar Sin an yi wani masassaƙi, Kuang, mai yin cokalin dutse wanda duk yadda aka juya shi, kudu yake nunawa. Rannan Gwamna Pang ya kira shi.

"Gidana nake so cokalin nan ya riƙa nunawa. Na ba ka kwana uku, ko in sare kanka."

"Ranka ya daɗe, ko yau sai in gama. Amma in Sarkin Sarakunan Sin ya hau karaga, ina yake fuskanta?"

"Kudu mana."

"To, ai Sarkin ne cokalin yake kwaikwayo. Sai ka ba ni takarda da hatiminka, cewa ka umarce shi ya daina bin Sarki, ya bi ka."

Gwamna ya shafa wuyansa.

"Kudun ma ba laifi," in ji shi.