Ranar da Na Kashe Janareto

Laraba ce. Hadari ya haɗo tun hantsi, bai zubar ba, sai zufa.

Ni ne mai gadin makarantar koyon kwamfuta ta garinmu, shekara goma sha tara. A aji uku na bar firamare. Doka ɗaya na riƙe a aikin nan: abin da ba kowa a gabansa, a kashe shi.

An kawo sababbin kwamfutoci arba'in, ba komai a cikinsu. Da la'asar mai duba makarantu zai zo. In ya same su a mace zai soke jarrabawar ɗalibanmu, kuma shugaban makaranta ya riga ya ce duk wanda ya jawo haka ya nemi wani aikin.

Malamai uku aka ba wa aikin: Suwaiba, Ɗayyabu da Habila. Suka shirya babbar manhajar da ke tada kwamfuta yadda za ta zuba kanta, ba sai an zauna ana amsa mata tambayoyi ba. Harshe, agogo, suna, duk sun rubuta mata tun farko. Suka kunna goman farko, suka tafi cin abinci.

Na leƙa ɗakin. Kujeru arba'in ba mutum ko ɗaya, rubutu na ta gudu shi kaɗai, janareto na shan mai. Na yi tsaki na kashe shi. Har ina jin na yi abin kirki.

Da suka dawo, ba wadda ta tashi. Uwar kwamfutar da sauran ke kwasar manhaja daga gare ta ma ta lalace. Saura awa uku, aikin kuwa na awa biyar ne. Suka dube ni. Na dubi takalmina.

Suwaiba ta buɗe littafinta na rubutun hannu, ta sake tsara amsoshin nan ɗaya bayan ɗaya. Ta zubar da duk manhajar da jarrabawa ba ta buƙata, har kayan suka ragu da rabi. Ba don ita ba, da babu abin zubawa.

Ɗayyabu ya ce bin su goma-goma kamar da safe ba zai kai mu ba. Ya cire riga, ya shiga ƙarƙashin tebura yana jan wayoyi, ya haɗa su yadda arba'in ɗin za su sha daga uwa ɗaya a lokaci guda. Ƙusa ta yage masa tafin hannu, ya ɗaure da hankici ya ci gaba. Ba don shi ba, da mai dubawa ya tarar da goma kawai.

Ana cikin haka shugaba ya shigo, ya tambayi wanda ya kashe janareto. Habila, wanda sa'an ɗana na uku ne, ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, laifina ne. Ni ya kamata in gaya wa Baba Gambo kada a taɓa, ban faɗa ba."

Alhali ya faɗa mini da safe, ina sauraron rediyo, na ce to ban ji me ya ce ba. Shugaba ya wanke shi tas a gaban ɗalibai, ya ce za a sa masa takardar gargaɗi a fayil. Ina tsaye a bakin ƙofa da sandata. Ba don shi ba, da ko kwamfutocin sun tashi ni na tafi.

Mai dubawa ya zo, ya ga arba'in suna aiki, ya sa hannu. Da zai fita har ya ce mini sannu da ƙoƙari, Baba.

Washegari da safe na fara zuwa ofishin shugaba na faɗi gaskiya. Ya yaga takardar gargaɗin Habila, ya ce in koma bakin ƙofata. Sannan na je gida na kwance ragona, shi ke nan gare ni, na jawo shi har makaranta don in ba wanda ya cece ni. Su ukun suna zaune a inuwar darbejiya. Na tsaya.

To, ku da kuka ji, a hannun wa ya kamata in sa igiyar nan?