Ilu da Amyoyin Babansa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Iya.

Wani mutum ne wai shi Mati mai zuma. Yana da ɗa guda ɗaya, saurayi, sunansa Ilu. Da Allah ya yi wa Mati rasuwa, sai dattawa suka zauna rabon gado. Ba a sha wahala ba, don magaji ɗaya ne. Suka ba Ilu gida, suka ba shi amya uku da ke rataye a kan wata tsohuwar ɗorawa a bayan gari. Goggonsa Tabawa ta ce ya riƙe da kyau, ya ce to.

Da kaka ta yi, sai Ilu ya je duba amyoyinsa. Yana isa, sai ɗorawa ta yi masa gaisuwar rashi. Ta ce ita ma tana da rabo a gadon, don Mati yakan share ciyawar gindinta kowace shekara kada gobarar daji ta ci ta. Ilu ya yi dariya, ya ce wannan ai gumi ne kawai. Ya ɗauko fartanya ya share tas.

A hanyar gida sai ya gamu da wata tsohuwa, Iya Kuluwa, tana tari. Ta ce babansa yakan ba ta ludayin farko na zuma don ƙirjinta. Ilu ya ce ludayi guda ba ya talauta mutum, ta kwantar da hankalinta.

Lokacin ɗibar zuma ya yi. Ilu ya hau da hayaƙinsa da ƙwaryarsa. Sai sarkin ƙudan zuma ya fito bakin amya ya ce, "Ɗan Mati, babanka rabi yake ɗiba, ya bar mana rabi mu ci da 'ya'yanmu har fure ya dawo."

To, a lokacin Ilu yana neman wata yarinya, Ladidi, kuma kayan aure yake son haɗawa. Ya duba saƙar zuma ta cika tana ɗiga. Ya ce a ransa, in kowa ya yanki nasa, me zai rage wa mai gado? Sai ya ce, "Bana dai ku yi haƙuri." Ya kwashe ta farko, ya kwashe ta biyu, ta ukun ma bai bar ko na lasa ba. Ya ba Iya Kuluwa ludayinta, ya kai sauran kasuwa, ya sayo atamfofi da tabarmi sabuwa.

Da ya koma bayan 'yan kwanaki, sai ya ji ɗorawa shiru, ba ƙugi ba motsi. Ya leƙa, amya uku duk wayam. Ƙudan zuma sun ƙaura. Ya zauna a gindin bishiya, kunyar babansa ta kama shi.

Ya je ya faɗa wa goggonsa. Ba ta yi masa faɗa ba, tana ta kaɗinta. Ta ce, "Ilu, ka ci tuwon, ka haɗa da tukunya. Tashi ka je wurin waɗanda ba ka hana ba."

Sai ya koma wurin ɗorawa. Ta ce ta ga inda ƙudan zuman suka nufa, suna cikin kogon wata kuka a gabas da rafi. Ya je wurin Iya Kuluwa. Ta ce ita ce ke daka wa Mati turaren da yake turara amya, kuma har yanzu hannunta bai manta ba. Ta daka masa, ya turara amyoyin, ya yi musu sabon yaɓe.

Sannan ya tafi gindin kuka, ya durƙusa, ya ba da haƙuri. Sarkin ƙudan zuma ya bar shi a rana har gumi ya jiƙa masa riga. Daga baya ya ce sun ji, amma sai ɗorawa ta yi fure za su yi shawara.

Ilu ya je gidan su Ladidi ya roƙi a ɗaga biki zuwa baɗi. Babanta ya ce yaron da ya san ya yi ɓarna ya fi wanda bai taɓa riƙe komai ba, a ɗaga.

Da ɗorawa ta yi fure, sai ƙudan zuma suka dawo, suka cika amya biyu. Ta ukun ba su shige ta ba, wata kurciya ce ta yi sheƙa a kanta, Ilu ya ƙyale ta. Da ɗiba ta zo, ya ɗebi rabi ya sauko. Abin ya ishe shi, har ya yi saura. Aka yi biki, aka dama fura da zuma, mutanen gari suka sha har yara suna lasar ludayi.

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu. Wanda aka bar wa gado, ya tambayi su wa ke ci tare da mai shi tun yana raye.